Lasisina a Bangon Kawu

Tudun Wada, Gombe
Watan Agusta

Ƙawata Juliana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan. Ya aiki, ya kewar gida? Ranar Lahadi na leƙa Mama a Herwagana bayan sun taso daga coci. Ƙafar ta yi sauƙi sosai. Ta ce in gaya miki ta gaji da hoton kifi, ki aiko mata hoton miji.

Da hannu na rubuta wannan na ɗauki hotonta na turo miki, don maganar ba ta saƙon murya ba ce, gidan nan ba a rasa mai saurare.

Kin sha ce mini in zo Gambiya, asibitinku na neman mai harhaɗa magunguna, ni kuma ina ce miki ba zan iya barin Kawu Uzairu ba. To yau ni ce da tambaya: gurbin nan yana nan?

Kin san yadda na tarar da shagonsa, ɗan kemis mai kanta biyu. Da lasisina ya zama babban kantin magani, kuma tun da na gama hidimar ƙasa yake rataye a bangonsa. Bara sai ya kawo ɗansa Mu'azzam, wanda ko difloma bai ƙarasa ba, ya damƙa masa makullin sito. Na ƙyale, na ce ɗan'uwa ne. Watan jiya jami'an hukuma suka yi mana dirar mikiya. Da aka buɗe siton sai ga katan-katan na maganin tari mai kodin, da tiramol, kayan da ban taɓa sanin shigowarsu ba. Mu'azzam ya sulale ta ƙofar baya. Kawu kuwa ya tsaya gaban ma'aikata da masu saye, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ga mai lasisi nan, ni me na sani a harkar magani?"

Juliana, a bayan motarsu aka tafi da ni, da farar rigar aiki a jikina, 'yan unguwarmu na kallo.

Bincike ya wanke ni, domin Dokas mai karɓar kuɗi ta faɗi wanda yake shigo da kayan. Kawu ya biya tara, ya kori Dokas, magana ta mutu. Amma a cikin dangi bai wanke ni ba. Abin da ya gaya wa Inna, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne wai sakacina ne ya jawo, shi ya rufa mini asiri. Da na yi mata bayani sai ta ce in daina ɗora wa yaro laifi. Har gidansa ta je ta yi masa godiya.

Na koma aiki, na durƙusa na gaishe shi kamar kullum. Yana ganin na haƙura. Bari ya ci gaba da gani.

Ki bincika mini, don Allah. Maigidana Joda da 'yarmu Bushra suna gaishe ki.

Taki har kullum,
Kadijatu

Tudun Wada, Gombe
Watan Oktoba

Ƙawata Juliana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin naki? Ina fata zazzaɓin ya sake ki. Saƙonki ya iso, takardar ɗaukar aiki ma ta iso. Allah ya bar zumunci.

Na gode da ba ki ɓoye mini komai ba. Ni da Joda mun zauna mun juya albashin zuwa naira, muka ga bai kai abin da nake ɗauka a nan ba, tunda a matsayin ƙarama zan fara kafin su yi mini rajista. Kuma ba a nan gizo ke saƙar ba. A nan gidan gadon Joda muke zaune, ban san zafin kuɗin haya ba. Masara da wake daga gonarsu suke zuwa, man shanu da nono daga ruga, mota ta kanti ce. Can kuwa kin ce mai gida sai an ba shi na wata shida a dunƙule, wuta saye, ruwan sha saye, nama sai ranar albashi. Da muka sa kuɗin makarantar Bushra sai abin ya ƙi tashi sam. Dole in bar ta wajen Inna, shekara guda aƙalla. Yarinyar da ko kitso ba ta yarda wani ya yi mata sai ni.

Joda bai hana ni ba, amma bai ji daɗi ba. Ya ce mutane na fita waje don su ƙaru, ni zan fita in ragu. Ya ce wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, ni ina zan kai tawa? Na ce masa ni ba sayar da toka zan yi ba, so nake hayaƙin ya shiga idon wani. Daga baya ya ce zai riƙa kai Bushra makaranta a kan mashin ɗinsa.

Kin tambaya me ya sa ba zan nemi wani kantin a Gombe ba. In ina garin nan, Kawu zai turo dattawan dangi su cika mana zaure, a sa Inna kuka, in wayi gari na mayar masa da lasisi. Na san kaina a gaban hawayen Inna. Sai na yi nisan da ba mai iya aiko mini da goro.

Yanzu ga abin da nake jira. Kawu ya gina sabon reshe a Kumbiya-Kumbiya, bene ne, da gilasai har ƙasa. Ya sayar da shanunsa ya zuba a ciki. A watan Janairu zai buɗe, lokacin da ake sabunta rajistar kantuna, kuma da sunana ya shirya yin komai. Ni na zaɓa masa kalar fenti. Ni na tsara inda firjin allurai zai zauna. Duk abin da ya ce, sai in ce to, Kawu.

A taron ƙungiyarmu na masu harhaɗa magunguna kuwa, na tashi na ba da labarin abin da ya faru daga farko har ƙarshe, ban ƙara ba ban rage ba. Ina so in ga wanda zai rataya sunansa a bangon da Mu'azzam ke riƙe da makulli.

Na samar wa Dokas aiki a wani asibiti. Ki ce musu Fabrairu zan iso.

Taki,
Kadijatu

Tudun Wada, Gombe
Watan Fabrairu

Ƙawata Juliana,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma gaida abokan aikin da ban gani ba tukuna. Mama lafiya lau, ta ba ni ƙullin yaji da daddawa in kawo miki.

An gama. Ana saura mako guda buɗe reshe, an riga an raba katin gayyata, na kai wa hukuma takardar janye sunana. Daga nan na wuce kanti, na taka kujera na sauke lasisina daga bango, na sa a jaka. Mu'azzam na zaune yana danna waya, bai ma ɗago ba.

Kawu ya zagaye Gombe yana neman wanda zai maye gurbina. Kowa ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Wata yarinya daga Bauchi ta amsa, da ta kira wani a ƙungiya ta ji labari sai ta kashe wayarta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi a gidanmu, mutumin da rabonsa da tako ƙofarmu tun sunan Bushra. Inna tana nan ta zo taya ni haɗa kaya. Ya zauna a tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce zai ninka mini albashi. Ya ce zai sa mini hannun jari a sabon reshe, motar ma ta zama tawa. Ba zan yi miki ƙarya ba, Juliana, sai da tayin ya ja hankalina. Wannan kuɗin zai riƙe Bushra har jami'a, ina kwana a ɗakina kusa da mijina.

Na ce abu ɗaya nake so. Ga Inna nan zaune, ya faɗa mata wanda ya shigo da kodin sito.

Ya dubi Inna, ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Kadijatu, Mu'azzam fa ɗana ne."

Na ce, "Ni ma 'yar wata ce, Kawu."

Ya mai da hularsa ya fita, ko sallama babu.

Inna ta ci gaba da ninke zannuwana. Washegari direbansa ya kai mata buhun shinkafa da jarkar mai da yake aika mata duk wata. Ta ce ya mayar, ya gaya wa mai su ta ƙoshi. Da yamma ta zo ta riƙe hannuna ta ce in yafe mata godiyar da ta je ta yi. Mun yi kuka sosai.

Kin ga kenan cefanen Inna ma ya dawo kaina, a kan albashin da dama bai isa ba. Don haka ki manta da ɗakin nan mai baranda da kika nuna mini. In za ki iya haƙuri da ni, katifa a ƙasan ɗakinki ta ishe ni wata uku. Bushra ta daina yi mini magana tun da ta ga akwati. Wannan ne kaɗai ke hana ni cin abinci, kuma shi ma a wuyan Kawu na rataya shi.

Jiya da na fito daga kasuwa na tari keke napep, na ce ya bi da ni ta Kumbiya-Kumbiya. Ba hanyata ba ce, ya ce sai na ƙara masa kuɗi, na ce na ji. Benen na nan, fentin da na zaɓa yana ta sheƙi, ga ƙaton kwaɗo a ƙofa, awaki sun kwanta a kan matakala. Na ce ya rage gudu. Da muka wuce na ce ya zagayo mu sake bi. Tun da na fara shirin tafiyar nan, wannan ne kuɗin da na kashe ban ji zafinsa ba.

Ranar Laraba zan tashi ta Legas. Ki zo ki tarbe ni da kanki, kin san ban taɓa fita ƙasar nan ba. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙawarki,
Kadijatu