Ɗaki Na Ɗaya Da Bututun Da Bai Taɓa Yoyo Ba

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni. Kwana tara kacal ya rage mini, ko abinci na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa. Ki yi haƙuri idan na yi ta zagaye-zagaye, kaina ne ya ɗau zafi.

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da wani gida mai ɗaki biyar, ina saukar da baƙi na kwana biyu, kwana uku, wani lokacin sati. Mutum zai shiga manhaja a wayarsa, ya ga hoto, ya zaɓi ranaku, ya zo ya tarar da zanin gado a goge. Ni ce mai kula da kalanda, ni ce mai amsa waya, ranar da abin ya matse ni ce mai wanke banɗaki. Da gwiwoyina suka fara yi mini gardama, 'yata kuma ta matsa in koma kusa da ita, sai na sayar da gidan da sana'ar gaba ɗaya ga wani matashi da kowa ke kira Injiniya. Ba zan ɓata shi ba, mutumin kirki ne, amma akwai shi da ƙa'ida. Tun zamanmu na farko ya faɗa mini ɓaro-ɓaro cewa duk wanda zai kwana a gidan sai ya biyo ta manhaja, kuma ba ya son masu jinya, wai shi masauki ya saya, ba asibiti ba.

To ni kuwa ina da mai jinya. Akwai wata baiwar Allah, Maman 'Yan Biyu, da take kawo mijinta, wani tsohon malamin makaranta, asibitin da ke bayan layinmu duk wata, ana yi masa ƙarin ruwan maganin ciwon daji. Tafiyar awa shida suke yi, su kwana huɗu su koma. Ɗaki na ɗaya nake ba su, don shi kaɗai ne a ƙasa. Babu matakala, taku huɗu ne daga gado zuwa banɗaki, kuma ni na sa aka kafa masa ƙarfen dafawa a bango. Idan aka yi wa Malam ruwan nan ko ƙafa ba ya iya ɗagawa, amai kuwa sai wanda ya gani. Su ba su iya manhaja ba. Waya take yi mini, ni kuma in rufe ranakun a kalanda don kada wani ya kama ɗakin. Akwai wurin rubuta dalili, tun farko na saba rubuta "gyaran famfo" saboda ya fi sauri. Haka na rufe musu har wata shida masu zuwa.

Ranar miƙa gida muka bi ɗaki-ɗaki da Injiniya. Na ƙirga masa tawul, na nuna masa mitar wuta, da ƙofar da sai an ɗan ɗaga ta makulli ke juyawa, har maƙwabcin da ba ya son a ajiye mota a ƙofarsa na gaya masa. Da muka zo kan kalanda sai ya sa yatsa a kan ranakun nan, ya tambaye ni me ya sa ɗaki ɗaya ke neman gyaran famfo duk wata. Gwaggo, bakina ya riga hankalina. Na ce masa bututun ƙarƙashin banɗakin ne ke ɗan jiƙa ƙasa, sai an riƙa hutar da ɗakin. Tsoro na ji kada cinikin ya watse. Na ce a raina idan mun saba zan lallaɓa in gaya masa, sai kwanaki suka yi ta tafiya.

Shekaranjiya Mai Famfo, wanda ya daɗe yana yi mini aiki, ya kira ni hankalinsa a tashe. Ashe Injiniya ya ce shi ba zai zauna da matsalar wata-wata ba. Ya sayo tayil da bututu, za a farfasa banɗakin a nemo inda yake yoyo, kuma ranakun da na rufe ya zaɓa, tunda dama ɗakin a rufe yake. Innalillahi! Ranar da za a sauko da Malam daga mota, ranar za a sa guduma. Mai Famfo ya san lafiyar bututun nan ƙalau, shi ne ya kafa shi da hannunsa. Ya yi shiru ne don kada ya tona mini asiri. Jiya kuma Maman 'Yan Biyu ta turo saƙon murya tana ta sa mini albarka, wai Malam ya ce a gaya mini yana marmarin tagarsa ta ɗaki na ɗaya. Ko sayar da gidan ban gaya mata ba. Na saurara sau uku, har yanzu ban kira ta ba.

Ga abin da zuciyata ke raya mini, ina ma jin kunyar rubutawa. Akwai makullin ɗaki na ɗaya guda da ya saura a jakata, ban miƙa ba. Injiniya zai yi tafiya a satin, aikin a hannun Mai Famfo zai bari. In roƙi Mai Famfo ya ƙirƙiro uzuri ya ɗage aikin, ni kuma in shigar da su da makullina, kwana huɗu su fita, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. 'Yata ta ce in cire hannuna, gidan ba nawa ba ne yanzu. Amma na zagaya unguwar, ban ga wani ɗakin ƙasa kusa da asibitin ba. Idan kuma na faɗi gaskiya, zai ɗauke ni maƙaryaciya, ya fara shakkar duk abin da na gaya masa, ƙarshe ya ce a'a. Yaya zan yi?

Tsohuwar Mai Masauki

*

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Abin da kika yi wa Malam da matarsa duk watannin nan alheri ne, Allah Ya saka miki. Amma zancen makullin nan ki cire shi daga ranki yanzu-yanzu. Shigar da mutane gidan wani ba da saninsa ba cin amana ne, ko da niyyarki fara ce tas. Ki kuma tuna wanda zai kwana a ciki. Idan Injiniya ya fasa tafiyar, ya zo ya tarar da baƙi a ɗakinsa, mara lafiyar da ba ya iya ɗaga ƙafa shi za a tasa waje, ba ke ba. Mai Famfo kuma ki sauke masa wannan kaya, da aikin yake ci da iyalinsa.

'Yarki ta yi gaskiya rabi. Gidan ba naki ba ne, amma ƙaryar taki ce, alkawarin ma naki ne. Shi kuwa Injiniya bai yi laifin komai ba. Maganarki ya yarda da ita, shi ya sa zai fasa banɗaki mai lafiya.

Gobe da safe ki same shi ido da ido, ban da saƙon waya. Ki fara ajiye masa makullin, sannan ki faɗa a taƙaice: babu yoyo, ke kika ƙirƙira, ga dalili, ki ba shi haƙuri. Idan ya yi fushi ki bar shi ya yi, yana da hakki. Bayan ya huce ki roƙi abu ɗaya, wato wannan watan kawai, kuma bisa ƙa'idarsa: ke ki taya su kama ɗakin ta manhaja, ki kuma ɗauki nauyin kula da su a kwana huɗun. Sau da yawa mai gudun masu jinya ɗawainiyar yake tsoro, ba mutanen ba. Zai iya yarda, zai iya ƙi, kuma idan ya ƙi kada ki riƙe shi a zuciya.

Maman 'Yan Biyu kuwa yau za ki kira ta, kada ki jira amsarsa. Matar da ke tafiyar awa shida da mara lafiya duk wata za ta iya ɗaukar gaskiya, muddin ta same ta da sauran kwana tara, ba a bakin ƙofa da jaka a hannu ba. Ki je asibitin ki tambayi ma'aikatan jinya, sun fi kowa sanin inda masu zuwa daga nesa ke sauka. Ki kuma faɗaɗa nemanki ko da da 'yar tazara ne.

Kin ƙirga wa mutumin nan tawul ɗaya bayan ɗaya, amma kin ɓoye masa abin da ya fi komai daraja a gidan, wato akwai wanda ke marmarin tagar ɗaki na ɗaya. Ki gaya masa da kalmomin Malam ɗin, ki bar shi ya zaɓa da saninsa. Allah Ya ba Malam lafiya, Ya sassauta zuciyar Injiniya, ke kuma Ya ba ki ƙarfin halin buga ƙofar da a da ke ce mai buɗe ta.

Taki,
Gwaggo