Fuskata a Tallar 'Yan Takara

Yaya Renato,

Gaisuwa daga Ohio ta Amurka. Yaya ƙafar Inna?

Idan kun gan ni a bidiyo, kada hankalinku ya tashi. An ɗauke mu ne muna fitowa daga masana'anta a gajiye. Wani ɗan takarar shugaban ƙasa ya cire wa hoton launi ya saka a tallarsa, wai abokin hamayyarsa ya raba mu da aiki. Ƙarya ce, ina aikina. Sai dai manaja ya daina amsa gaisuwata, yana ganin da hannuna. Ni kuwa abokiyar aikina Doreen nake zargi da ɗaukar hoton, kirkinta ya yi yawa kwanan nan.

Jiya abokin hamayyar ma ya saka hoton, da launinsa, wai shi ya sama mana aikin. Ni baƙuwa da ko ƙuri'a ba ni da ita!

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Perla