Maganin Mutum Ɗaya, Mu Biyu Muke Sha

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyaran Tsarin Mulki, da sauran 'yan kwamitinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku. Allah ya taya ku riƙon wannan amana.

Ranka ya daɗe, sunana Rakiya. Ina zaune a unguwar Gorton ta birnin Manchester, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Na ji a rediyo kuna neman ra'ayin 'yan Najeriya, har da mu mazauna waje. To ni kuka na kawo, kuma sai na fara tona wa kaina asiri.

Na ɗaya. Ni da yayana Sale mun gaji hawan jini daga mahaifinmu. Yaya mai facin taya ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Ni a nan GP ɗina, wato likitan unguwa, yana rubuta mini ƙwaya ashirin da takwas duk sati huɗu. Shi ma Yaya a da yana karɓar nasa kyauta, ƙarƙashin wani shirin jiharmu na marasa ƙarfi. Aka yi zaɓe, sabuwar gwamnati ta hau, shirin ya bi tsohuwar. Ko sanarwa ba a yi ba. Ya je da katinsa, aka nuna masa hanyar kemis.

Kada a ce me ya hana ni aika masa kuɗi. Na aika. Amma mai 'ya'ya bakwai in kuɗi ya shigo hannunsa buhun masara yake fara gani, kuma wallahi ban ga laifinsa ba.

Na biyu. Sai na yi dabarar da na ɗauka wayo ce. Na koma shan maganina yau in sha, gobe in tsallake, ina tara ragowar a gwangwanin madara. In ya taru sai in hau mota zuwa Birmingham, in kai wa wata Hajiya 'yar kasuwa a Balsall Heath mai yawan zuwa gida. Mutane suna ba ta saƙon turare da takalma, ni kuwa gwangwani nake miƙa mata a naɗe cikin safa. Kusan shekara biyu ina wannan.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Da yake rabi nake sha, jinina ya ƙi sauka. Duk zuwan da na yi, sai GP ya auna, ya girgiza kai, ya ƙara wa maganin ƙarfi. Ni kuma in kwasa in aika wa Yaya. Watan jiya jiri ya kayar da ni a wurin aiki ina riƙe da wata tsohuwa, Allah ne ya kiyaye ba ta ji ciwo ba. Ranar na gaya wa likita gaskiya, ina kuka kamar yarinya. Bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce wannan maganin ba a shan sa sai ana duba ƙodar mutum. Yaya kuwa ba wanda ya taɓa duba tasa, ga shi a waya yana gaya mini ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Innalillahi! Garin neman gira zan rasa ido. Ina tsoron ni da hannuna na cuci wanda ya raine ni.

Na huɗu. Laifina na ɗauka, amma wa ya kai ni? Inshorar lafiya da aka kafa, ma'aikatan gwamnati kawai ta kama, mai faci ba shi da albashin da za a cira. Yara da masu ciki akan tuna da su lokaci-lokaci. Magidanci talaka kuwa, wanda bakuna tara ke jiran hannunsa, ba ya cikin lissafin kowa. Na tambayi masana, suka ce tsarin mulkinmu ya ambaci kula da lafiya, amma a babin da ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. Haba, ranka ya daɗe, mene ne amfanin alkawarin da ba a iya bin sa?

Don haka ina roƙonku, don girman Allah, ku mayar da kula da lafiyar talaka, yaro da babba, haƙƙi a cikin tsarin mulki, wanda kotu za ta iya tilastawa. Ku kuma rubuta ƙarara cewa ba gwamnan da zai soke maganin marasa ƙarfi don kawai wanda ya gabace shi ne ya kawo shirin. Hawan jini bai san an yi zaɓe ba.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku lafiya mai ɗorewa, kada ya nuna muku ranar da za ku raba magani da ɗan'uwanku.

Hajiya za ta tashi Asabar mai zuwa. Na yi wa likita alkawarin ba zan sake ba, Yaya kuma bai san komai ba, jiya ma ya tambaye ni ko gwangwaninsa yana hanya. Ga sabon kwalin nan a gabana, ƙwaya ashirin da takwas cif, kuma har yanzu ban iya ɓare ta yau ba.

Wassalam.

Taku cikin damuwa,
Rakiya, ƙanwar Sale mai faci,
Gorton, Manchester.