Rigar Auta

Zuwa ga ƙanena Koci,

Gaisuwa mai yawa, ya fama da 'yan wasa? Tunda ba ka ɗaukar waya, ga takarda.

Wata bakwai ke nan Auta, ɗanka na cikinka, yana zaune a wurina, kuma duk Asabar ni ke wanke masa rigar wasa. Wallahi asarar sabulu kawai nake yi. Yadda na goge ta haka take dawowa, ko ɗigon gumi babu. Na ji ana yabonka a rediyo, wai kana hutar da manya kana ba yara dama. Shi nawa yaron fa? Jiya ya sa takalman ƙwallonsa a kwali ya tura ƙarƙashin gado. Ya ce, "Gwaggo, ƙarshen wata zan bari, gara in koma gareji." Maganar ta tsaya min a rai.

Ka huta lafiya,
Yayarka

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Yaron ya iya, har ya fi wasu da nake sawa. Sau uku ina rubuta sunansa a allo, in goge kafin 'yan wasa su shigo ɗakin sauya kaya. In ya yi kuskure za a ce ɗan koci ne, in ya ci ƙwallo ma haka za a ce. Kare shi nake yi.

Ƙanenki

Koci,

Bayan gaisuwa, shi kake karewa ko kanka? Ka manta shekarar da ka yi a benci, kana dawowa kicin ɗina kana sharɓar kuka? Shi ko kukan bai yi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ban ce ka fifita shi ba. Cewa na yi ka manta da cewa ɗanka ne, na minti casa'in kawai.

Yayarka mai ƙaunarka, duk da taurin kanka

Yaya,

Barka da war haka. Na sa shi. Mun sha kashi biyu da nema, ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga, 'yan kallo sun zage ni tas. Da aka tashi ya zo yana haki ya ce, "Baba, gobe ƙarfe nawa ne atisaye?" Sai da na kau da kai. Asabar ma da shi zan fara.

Ƙanenki

Koci,

Sannu da shan zagi. Riga ta dawo, laka har wuya, sau uku ina sake ruwa. Kwalin nan kuwa albasa na zuba a ciki.

Yayarka