Azurfar nan ba taka ba ce, Alhaji

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyar 'yan gudun da na yi shekara tara ina sa rigarta, a nan birnin Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa irin wadda ƙarami ke yi wa babba, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk jama'ar da Allah ya ɗora maka nauyinsu.

Bayan haka, ni ne Mannir, ɗan acaba, mazaunin Kambarawa, wanda ya dawo da lambar azurfa a tseren mita dubu goma daga gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta ƙasashen Afirka ta Yamma da aka kammala kwanan nan. Ban kama sunanka ba, ban kuma kama sunan ƙungiya ba, saboda sauran 'yan wasan da ke cikinta ba su yi mani komi ba. Kai ka san da kai nake. Na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a ne domin a bainar jama'a ka yi magana a kaina.

Ranar Talatar da ta wuce na ɗauko wata tsohuwa daga Babbar Kasuwa da buhun gerenta, muka bi ta bakin filin da ƙungiya ke atisaye. Sai ta taɓa ni ta ce in duba, wancan ba ni ba ne? Na ɗaga kai na ga ƙyalle an ɗaure shi a ƙofar fili, da hotona ƙarami daga ƙasa, naka babba daga sama da babbar riga, an rubuta wai ƙungiya na alfahari da ɗan da ta raina. Washegari kuma na ji ka a rediyo kana cewa tun ina tafiya ba takalmi ka gano ni, kuma za ka shirya mani walima. Tunda ka manta yadda aka yi, bari in tuna maka.

Na ɗaya. Kafin a tafi gasar, an nemi kowace ƙungiya ta tura sunayen mutum uku da za su je gwajin zaɓen tawagar ƙasa. Muka yi namu gwajin a gabanka, kana zaune ƙarƙashin rumfa. Ni na zo na ɗaya, kuma wanda ya biyo ni na ba shi tazarar fiye da zagaye guda. Kocinmu, Malam Sada, ya rubuta sakamakon da hannunshi, kai kuma ka sa hannu a ƙasa. Bayan mako biyu aka liƙa sunayen masu tafiya, babu nawa. A gurbina akwai ɗan wani abokinka, wanda ya zo na huɗu. Na bi ka ofis sau uku ana ce mani ba ka nan. A na huɗu na tare ka a bakin motarka, na durƙusa na gaishe ka, na tambayi laifina. Ba ka ko sauke gilashi duka ba ka ce: “Kai da ka haura talatin, kuma ɗan acaba, ina za mu kai ka ka ba mu kunya? Je ka nemi fasinja.” Direbanka ya ji, mai gadi ya ji. Na tashi na kaɗe gwiwata na tafi neman fasinja kamar yadda ka ce.

Na biyu, kuma wannan shi ne abin da ke ci mani rai. Da ni kaɗai ka taɓa, da tuni na bar ka da Allah. Malam Sada dattijo ne da ya fara horar da 'yan gudu tun kafin ka san ana gudu don wani abu ban da tsoro. Shi ne ya gan ni ina bin motar da ta tafi da kayan fasinjana a guje, ya tsayar da ni ya ce in zo fili da safe. A taron ƙungiya ya tashi ya faɗi gaskiya cikin ladabi, ya ce sakamakon da aka liƙa ba shi ne wanda ya rubuta ba. Washegari ya zo fili bayan sallar asuba kamar kullum, mai gadi ya ce an ba shi umarni kada ya bar shi ya shiga. Na iske shi tsaye bakin ƙofa da agogonshi a hannu, ɗalibanshi na wucewa ta gabanshi suna sunkuyar da kai. Bai yi faɗa da mai gadi ba, har tambayar shi ya yi ya jikin matarshi.

Tunda an hana shi fili, sai muka koma titin bayan gari. Ni ina gudu, shi yana bina a kan babur ɗina yana duba agogo, mutumin da rabonshi da tuƙa babur an daɗe. Wata uku muna haka. Wata safiya tirela ta matso mu, ya kauce, tayar gaba ta faɗa rami, ya faɗi ya karye a ƙugu. Ni na ɗauke shi da hannuna na sa a keke napep. Har yau da nake wannan rubutu yana kwance a zauren gidanshi, sai an kama shi yake zama. Ba ka je ba, ba ka aika ba, ba ka ko bugo waya ba. Ban ce kai ka tura tirela ba, Alhaji, tsautsayi daga Allah yake. Amma wanda ya kori dattijo daga fili ya tura shi bakin kwalta ya san abin da ya yi.

Na uku. Yana kwancen nan ya sa aka kira mashi wata mata mai horar da 'yan gudu a Jos, wadda suka san juna tun suna matasa, ya roƙe ta ta sa sunana a cikin nata 'yan wasan. Ba ta taɓa ganina ba, maganarshi kawai ta riƙe. Da rigar ƙungiyarta na je gwajin ƙasa, da ita na samu shiga tawaga. Mutum ukun da ka tura kuwa babu wanda ya tsallake. Ɗan abokin naka ya fita daga tseren tun ba a yi rabi ba, kuma don a yi mashi adalci zan faɗa, shi da kanshi ya same ni a masauki ya ba ni haƙuri, ya ce bai nemi gurbina ba, kawai ce mashi aka yi ya shirya kaya. Ya fi ka sanin ya kamata.

A gasar kanta, zagaye ashirin da biyar ne. Da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe ina na huɗu, ƙirjina kamar an zuba barkono. Ba zan yi maka ƙarya in ce kishin ƙungiya ya ɗaga ni ba. Fuskarka na tuna a bayan gilashin mota, na wuce mutum ɗaya a kwana, na wuce na biyu saura 'yan taku. Wanda ya yi na ɗaya ɗan wata ƙasa ne maƙwabciya, ya fi ni ƙafa, na kuma ba shi hannu da zuciya ɗaya. Idan akwai gudummawarka a azurfar nan, to iyakarta ke nan, kuma ba irin wadda ake buga hoto a kanta ba ce.

Daga tasha ban je gida ba sai da na biya wurin Malam Sada, na rataya mashi lambar a wuya. Ya juya ta, ya yi dariya, ya ce in yafe maka, duniya ba ta kai a riƙe mutum ba. Matata ma haka ta ce, tana tsoron kai mai hali ne, ni kuma babur ɗaya gare ni. Na ce masu na ji. Malam ya yafe nashi, wannan tsakaninshi da Ubangijinshi ne. Ni ban yafe ba, kuma ba zan ɓoye maka abin da nake yi ba, don kada ka ce an yi maka yankan baya.

Takardar sakamako ta farko mai ɗauke da sa hannunka tana wurina, da hoton jerin sunayen da aka liƙa. Na buga su da yawa. Zaɓen shugabannin ƙungiya yana tafe, kuma ka manta sana'ar da ka raina ta sa na san ƙofar gidan kowane mai ƙuri'a, daga cikin birni har sababbin unguwanni. Kullum bayan la'asar nakan ajiye aiki in je gidan mutum ɗaya, in yi sallama, in gaishe shi, in miƙa mashi takardun biyu ya karanta da idonshi. Ba na ƙara gishiri, ba na zagi. Wasu sukan ce mani sun daɗe da zargin haka. Iyayen 'yan wasa ma na fara bin su, domin su san a hannun wa suka damƙa 'ya'yansu. Duk gidan rediyon da ka shiga da labarina, zan shiga bayanka da nawa. Gudun dogon zango nake yi, Alhaji, ba na gajiya da wuri.

Saboda haka ga buƙatuna. Ka sauke hotona daga ƙofar fili kafin Juma'a, ban ba ka izinin sa shi ba. Ka fasa walimar, ko ka yi ta ka sani kujerata za ta zauna babu kowa, kuma duk wanda ya tambaye ni dalili zan faɗa mashi. Ka koma rediyon da ka yi magana ka faɗi wanda ya horar da ni da wadda ta sa sunana. Ka janye umarnin da ka ba mai gadi a rubuce, a karanta shi gaban 'yan wasa, ko da Malam Sada ba zai ƙara iya takawa zuwa filin ba. Sannan ka je zaurenshi da ƙafarka, ba aike ba, ka cire takalmi ka zauna a tabarma ka ba shi haƙuri. Daga yau kuma a riƙa liƙa sakamakon kowane gwaji a ranar da aka yi shi, kowa ya gani.

Ko ka yi waɗannan duka, ba zan daina neman a sauke ka ba, gara in faɗa maka gaskiya. Abin da zai canza shi ne, idan muka haɗu a masallaci ko wurin jana'iza zan iya miƙa maka hannu.

Ina roƙon Allah ya ba Malam Sada lafiya, ya saka wa duk wanda ya taimake ni. Kai kuma, ranka ya daɗe, ba na yi maka fatan ciwo ko asara. Allah ya kare iyalinka daga irin abin da ka yi wa na wasu. Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya bar maka idonka da kunnenka garau, ya zaunar da kai a sahun gaba ranar da za a ƙirga ƙuri'a.

Wassalam.

Naka,
Mannir ɗan acaba,
Kambarawa, Katsina.