Goma ga Wane Watan?

Talata, 12 ga Disamba 1961
Gwiwa da sauƙi, tari na nan. Na sha kunu rabin kwano.
Wasiƙa daga ɗana Uwaisu. Shekara bakwai ke nan da muka yi faɗa ya tafi aikin reluwe, kullum ina roƙon Allah in gan shi kafin in mutu, shiru. Yau ga layi guda: "Baba, ina zuwa ran goma ga wata."
Wane watan, na sama ko na Nasara? Yaron da na koya wa sa kwanan wata da hannuna.

Litinin, 18 ga Disamba, 10 ga Rajab
Kulu maƙwabciyata ta share ɗakin baƙi, ta dafa zabo. Zailani mai matsar rake ya kawo mazarƙwaila. Ina zaure har la'asar, ba kowa. Muka cinye zabon da Zailani. Ya ce, "Malam, ɗan reluwe ba ya duban sama, kalanda yake dubawa." Rabona da dariya har in ƙware tun rasuwar matata Mero.

Juma'a, 29 ga Disamba
Zazzaɓi, ban je masallaci ba. Na tambayi Ubangiji ko yana ji. Astagfirullah.

Laraba, 10 ga Janairu 1962
Kasuwar Makarfi. Duk motar da ta tsaya sai in leƙa waje. Wani zabon ya tafi. Yau Zailani da mutum uku ya zo, ɗaya ma da wasiƙa in karanta masa. Kulu ta ce, "Baba, goma-gomanka za su ƙarar da zabin unguwa." Na ce kowane wata da goma biyu, Allah bai rage ni da komai ba.

Asabar, 13 ga Janairu
Wasiƙu huɗu na rubuta wa mutane. Har yanzu rubutuna bai lalace ba.

Laraba, 17 ga Janairu
Zaure cike tun hantsi. Sai da Kulu ta aiko da akushi na tuna yau goma ga Sha'aban. Ban ƙirga ba, ko ƙarar mota ban saurara ba. Abin da na roƙa daban, amma tabarma uku ba ta isa yanzu, sai an aro. Ɗakin baƙi dai na ce a ci gaba da sharewa.
Uwaisu bai zo ba.