Ragar Barandata da Muzurun da Kwamiti Ya Rasa Inda Zai Sa

Zuwa ga: Mai Girma Ilarie Drăgușin, Shugaban Kwamitin Mazauna Gini na 9, Titin Gutuilor, Oradea

Daga: Paraschiva Oprișan, gida na 12, hawa na biyu

Kwanan wata: 6 ga Oktoba, 2023

Game da: Umarnin cire ragar ƙarfen da na sa a barandata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina sanar da kai cewa takardar Kwamiti ta 2 ga wannan wata ta iso ni. A zaune na karanta ta, don kada hikimar da ke cikinta ta kayar da ni. Ga ƙorafina:

1. Ɗana Horia ya bar mini muzurunsa, Vifor, lokacin da ya tafi aiki Norway. Jinsin Bengal ne, wato akwai kyanwar daji a cikin kakanninsa, kuma bai manta ba. Yana buɗe firji, yana kunna famfo, labule kuwa tsani ya ɗauke shi.

2. A watan Maris na kulle shi a ɗaki. Maƙwabciyata ta ƙasa, Uwargida Lenuța Cozma, ta kai ƙara wai ana sukuwar doki a saman kanta. Kwamiti mai tausayi ya rubuto mini cewa tsare dabba irin wannan zalunci ne. Na ji kunya, na buɗe masa ƙofa.

3. A watan Mayu biyu daga cikin tattabarun maƙwabcinmu Dattijo Traian suka riga mu gidan gaskiya. Ban musa ba, da idona na ga gashin a bakin mai laifin. Na gasa burodi mai zaƙi na kai wa dattijon ban haƙuri. Ya karɓi burodin, ya dawo mini da haƙurina. Kwamitin da ya ce kulle zalunci ne ya sake rubutowa cewa saki barazana ce ga al'umma.

4. Sai na sayo igiya na fara zagayawa da shi. Dattawan da ke gadin bencin ƙofar gini, har da sakatarenka, sun sami abin kallo kyauta, kullum sai sun tambaye ni: "Gwaggo, tsakaninku wa ke jan wani?" Ranar 14 ga Yuni ya hango kurciya, ya ja ni muka faɗa cikin furannin Kwamiti. An aiko mini takarda a kan furannin. Gwiwata ta samu sauƙi, na gode da tambayar da ba a yi ba.

5. Ranar 19 ga Agusta ya sulale ta taga, ya dawo yana jan ƙafa, jini har kan matakala. Likitan dabbobi ya ciro masa harsashin bindigar iska daga cinya. Abin mamaki, ginin da ake jin takun kyanwa ta cikin siminti, babu wanda ya ji ƙarar bindiga. Ni na riƙe shi a tawul ana ɗinke shi, yana karkarwa, ya tusa kansa a hammatata. Ranka ya daɗe, tun rasuwar maigidana Gavril, babu mai jirana a bakin ƙofa sai wannan dabba. Wannan ba hujja ba ce a dokar Kwamiti, na sani; alƙalami ne ya zame.

6. Shi ne na sa maƙeri ya rufe barandata da raga, da katakai na hawa da sauka. Vifor yana shan iska, yana zagin tsuntsaye daga nesa. Tattabaru na raye, Uwargida Cozma na barci. Yanzu Kwamiti ya gano cewa ragar ta ɓata kyan fuskar gini. Na sauka na tsaya a titi don in ga wannan kyau: ga fenti na zuba kamar ƙaiƙayi, ga bututun ruwa ɗaure da waya, ga barandarka ta hawa na uku, inda dogayen wandunanka na sanyi ke kaɗawa kusa da jeren barkono. Lallai ragata ce ta lalata komai.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi: a janye wannan umarni, a kuma binciko mai bindigar da irin himmar da aka nuna kan furanni. In Kwamiti ya ƙi ɗaki, ya ƙi fili, ya ƙi baranda, to ya rubuto mini inda ya rage.

In kuwa dole sai an cire, ina roƙon ka zo da kanka. Zan ba ka filaya, in rufe ku a barandar kai da Vifor, in je in ɗora maka shayi. Shawarata kawai, kada ka sa kwat ɗinka ta zuwa coci.

Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawa,

Paraschiva Oprișan